Dukoya da Masu Wuri

Dukoya ba 'yar Zaldam ba ce, aure ne ya hau da ita. A hayin rafi aka haife ta, a shekarar gero, don a can bana gero ake shukawa, baɗi dawa. Ita ce haihuwa ta huɗu a ɗakin uwarta, kuma ta farko da ta zauna har ta yi haƙori. Ubanta mutum ne mai hannun dutse. In ruwa ya kayar da katangar gonar wani, shi ake aika wa, ya zo ya tsaya yana kallon ɓaraguzan kamar mai sauraron ƙara, sannan ya fara ɗorawa. A gefensa ta tashi, har ta san kowane dutse yana da fuska yana da ƙeya, kuma wanda aka kwantar a kan ƙeyarsa ba ya ganin damina biyu.

Aurenta na fari wata tara ya yi. Ta ɗauko tukunyarta da fartanyarta ta dawo gida, da aka tambaye ta dalili ta ce mutumin ya cika surutu da sassafe. Na biyu shi ne Ganava, wanda gidansa ne na ƙarshe a saman Zaldam. Ƙawayenta suka yi ta yi mata tsiya.

"Ke kuwa duk mazan ƙasa sun ƙare ne? Mutumin da maƙwabtansa remaye ne?"

"Remaye ba sa aron gishiri," in ji ta.

Zaldam tun daga bakin rafi har ƙoli gona ce hawa-hawa, kowane hawa da katangarsa ta dutse tana riƙe da ƙasa. Wani faɗinsa taku uku, wani ko akuya ba ta juyawa a kai sai da dabara. Kowa kakansa ne ya gina nasa, kowa kuma yana gyarawa kafin ruwa ya sauka. Amma daga gidan Ganava, in ka wuce gonar bayan gida, ka wuce wani tsiri na maƙwabcinsu Hawadak, ka wuce wani tsirin kuma na shi Ganavan, sai gini ya canza. Hawa bakwai ne a can, duwatsunsu manya, fuskarsu sumul, an haɗa su yadda bakin wuƙa ba ya shiga tsakani. Kakannin Zaldam haka suka zo suka tarar da su, kuma ba wanda ya taɓa gyara su, don ba su taɓa zubewa ba. Ran da Dukoya ta fara ganinsu ta daɗe tana shafa su da tafin hannu. Ta nemi inda magini ya gaji ya yi ha'inci, don ubanta ya ce babu katangar da ba ta da irin wannan wuri. Ba ta samu ba.

Da ruwan farko ya sauka, uwar mijinta Gejeke, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da lofe ba ya barin bakinta, ta miƙa mata ƙwaryar iri ta ce ta biyo ta. Suka hau. Hawa shida ciyawa ce kawai. Na bakwai fili ne mai faɗi, ƙasarsa baƙa, daga nan ana hango fadamar Koza a shimfiɗe can ƙasa. Abin da Dukoya ta fara lura da shi kunnenta ne. Sai ta ji kamar ta nutsa kai cikin ruwa. Zakarun gari da take ji a hanya duk suka ɗauke.

"Inna, gonar wa ce wannan?"

"Ranar shuka tamu ce. Ranar noma ma tamu ce. Ranar girbi ba tamu ba ce."

"To ta wa ce?"

"Ta masu wuri."

"Suna ina?"

Gejeke ta cire lofen ta dube ta. "Jiya aka kawo ki, har kin fara bin diddigin maƙwabta? Shuka."

Suna aiki tsohuwar tana gaya mata abin da ita ma uwar mijinta ta gaya mata. Matan gidan nan ne suke shuka wannan hawa, tun ba a san ranar farawa ba. Ba a bari rana ta yi tsaka mutum yana can. Ba a cin komai a wurin, ko da ƙwayar aya ce.

"In kuma kika ji an yi tari a bayanki, ki ce sannu, ki ci gaba da abin da kike yi. Ba sai kin waiwaya ba."

Dukoya ta shuka, ta yi noman fari da na biyu, amma a ranta ta ce akwai wani malalaci cikin dangin miji da yake cin gumin mata. Da kaka ta yi, dawar sama ta fi ta kowa, zangarniya kamar damtse, kuma ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka a kanta. Kwana uku bayan sun gama girbin gida ta saci jiki ta hau da hantsi, don ta ga sawun ɓarawo.

An girbe. Kowane kara an karya shi daidai gwiwa, an kwantar da shi yana kallon ƙolin dutse, duk a layi ɗaya, an yanke zangarniyar yanka ɗaya. Ba ƙwaya ko ɗaya a ƙasa. Ƙasar wurin kuwa ta bushe ta yi laushi kamar toka, ko ƙadangare ya wuce sai ya bar zane. Ta zaga sau biyu. Sawun da ta gani nata ne kaɗai.

Ta sauko ta tarar da Ganava yana saƙar zana, ta gaya masa. Bai ɗaga kai ba.

"Aikin ya yi kyau?"

"Ya yi."

"To me kuma kike so?"

Haka shekaru suka yi ta tafiya, shekarar dawa, shekarar gero. Ta haifi shida, uku suka zauna, mata biyu da namiji ɗaya, Golime. Gejeke ta mutu a shekarar da Ganava ya yanka bijiminsa na biki, ƙwaryar iri ta koma hannun Dukoya ita kaɗai. Sau ɗaya ta ji tarin. Tana duƙe tana cire ciyawa da goyo a baya, aka yi shi dab da ita, busasshen tari irin na mai aikin sussuka. Ta ce sannu. Jaririyar da ke bayanta ta juya kai tana ɓangala dariya ga wani abu, ita kuwa ta ƙarasa layin da ta fara, sannan ta sauko. Ba ta gaya wa kowa ba sai bayan shekaru.

A hankali dutsen ya fara raguwa da mutane. Samari suka gangara fadama inda ake noman auduga da shanu, gidaje suka zama kufai, katangun da ba a gyarawa suka fara buɗe baki. 'Yan matanta suka yi aure. Golime ya koyi ɗinki ya kafa keke a kasuwar Koza. Ganava ya kwanta da zazzaɓi a ƙarshen wata damina, kwana biyar, bai tashi ba. Ta rage ita da awaki huɗu da tukwanen kakanni a gindin rumbu. In katangarta ta zube ita take ɗorawa da kanta, har Hawadak yana cewa da ya san haka matar take da ya riga Ganava zuwa hayin rafi.

Sai baƙi suka zo. Rani biyu suna hawa da igiyoyin awo, wasu Turawa, wasu daga babban birni. Suka tona gefen hawa na biyu, suka fitar da fasassun tukwane suna goge su da burushi kamar masu wankan jariri. Suka ce ginin ya haura shekara ɗari shida. Bayan sun tafi da shekara guda aka hau da wani allon ƙarfe aka kafa, aka shafa wa duwatsu farin fenti daga wannan gefe zuwa wancan, a gindin hawa na farko. Mai unguwa ya tara mutane ya ce daga yau abin da ke bayan farin dutse na hukuma ne. Ba a kiwo, ba a sa wuta, ba a ɗaukar dutse, ba a sa ƙarfe a ƙasa.

Wanda aka ɗora wa kula da wurin wani saurayi ne ɗan Mokolo, Sawalda. Yarensu yake yi, amma da bakin 'yan birni. Sau biyu a wata yakan bar babur ɗinsa a bakin rafi ya hau da littafinsa, ya tsaya gidan Dukoya ya sha ruwa. Ta tare shi da maganar.

"Ɗan nan, ƙarfen da aka hana, har da sandar shuka?"

"Har da ita, Iya."

"To wa zai shuka hawa na bakwai?"

"Ba wanda zai shuka. Ai abin da ake so ke nan, a bar shi yadda yake."

"Yadda yake ai da dawa a kai yake."

Ya yi murmushi irin na yaro mai ladabi. Ya ce saiwar dawa da fartanya suna ɓata abin da ke cikin ƙasa, kuma duk wanda ya karya doka shi za a fara tambaya, sannan a gangara da mai laifin gaban hukuma. Golime ma ya aiko da saƙo cewa don Allah kada ta jawo masa abin kunya da tsufanta, mutanen cocinsu suna kallo.

Ta bari. In za a faɗi gaskiya, ba tsoron hukuma ne kaɗai ba. Shekara talatin da huɗu tana hawan nan, gwiwoyinta sun gaji, kuma da aka ce an hana sai ta ji wani sanyi a ranta, kamar wadda aka sauke wa kaya ba ta roƙa ba. Da ruwan farko ya sauka ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon sama, ta zuba irin a tukunya ta dafa.

Damina ta yi kyau. Da kaka ta zo, wata safiya ta hau tsirinta na sama, wanda ke manne da farin dutse, don ta ga ko ya isa yanka. Ta tarar an riga ta. Karare a karye daidai gwiwa, a kwance suna kallon ƙoli, ba zangarniya ko ɗaya. Ta tsaya har inuwarta ta gajarta, sannan ta tattara kararen ta ɗaure ta sauko da su, kamar ita ce ta girbe. Ta yi shiru da bakinta.

Shekara ta zagayo, shekarar gero. A wannan karon ba a taɓa tsirinta ba. Na Hawadak aka girbe, wanda ke ƙasa da nata. Ya zo ƙofar gidanta da kara a hannu yana huci.

"Dukoya, birai ba sa jera kara."

"Ba sa jerawa."

"Ɓarawo kuma ba ya tsayawa gyaran layi. Mutum ɗaya na sani a dutsen nan mai irin wannan tsabtar aiki."

"In ni ce, shiga ka duba rumbuna. Ka ga a kaina na ɗauko dami goma da gwiwar nan?"

Ya san ba ita ba ce, ita ma ta san ya sani. Tsoro ne ya zo da shi, ya rasa inda zai ajiye. Washegari suka kama kaza suka tafi wurin Tekudem maƙeri, wanda shi ne mai binne matattunsu kuma mai duba da ƙaguwa. Ya zuba jiƙaƙƙen yashi a kasko, ya kafa tsinkaye, wannan Dukoya, wannan Hawadak, wannan ɓarawo, wannan kakanni. Ya ɗauko ƙaguwar ya yi mata magana a hankali, ya sa ta ciki ya rufe. Suka jira. Da ya buɗe, tana zaune inda ya ajiye ta, ba ta ture ko tsinke ɗaya ba. Ya sake, haka. A karo na uku bai ma rufe ba, ta haura bakin kaskon ta faɗo ƙasa, ta miƙe hanya. Rafi yana gangare, nan kuma kowace ƙaguwa take nufa. Wannan sama ta nufa.

Tekudem ya bi ta ya kamo ta ya mayar cikin tulu. Ya kwance ƙafar kazar ya miƙa wa Hawadak.

"Ku tafi da abinku. Ba a tambayar ƙaguwa abin da mai tambaya ya riga ya sani."

A hanyar dawowa Hawadak ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Bara naki, bana nawa. Gangarowa ake yi." Kafin ruwa ya sake sauka ya kwashe iyalinsa ya koma fadama wurin ƙanensa. Ya bar mata ƙyauren ɗakinsa da dutsen niƙa, ya ce nauyi.

Abin da ya rage a ƙasan tsirin Hawadak shi ne gonar bayan gidanta, wadda karanta ke taɓa jinkar madafa. Ta shuka ta, don in ba ta shuka ba me za ta ci. Da dawa ta nuna sai ta daina zuwa ko'ina. Ta kan ɗauko 'yar kujerarta ta zauna a inuwar rumbu tana ɓarar wake, fuskarta ga gona. Ba ta san abin da za ta yi ba in ta ga wani abu. Ta dai ga ya fi mata ta gani da ta tarar.

Ran na shida, rana ta take tsaka, gyare suna ta kuka a jikin gawo, sai suka yi tsit gaba ɗaya. Kunnenta ya toshe irin na sama. Awakinta da ke tuƙa a turke suka tsaya da baki a buɗe. Sai ta ji ƙas, shiru, ƙas, a tsakiyar dawa, ƙarar kara yana karyewa, ba gaggawa.

Ta ajiye ƙwaryar wake. Ta ce daga baya ba jarumta ba ce, haushi ne, irin na mai gida da aka shigo wa ba sallama. Ta kutsa cikin karare.

Mace ce, ta ba ta baya. Gajera, ba ta kai kafaɗar Dukoya ba, da ɗan walkin fata a ƙugu da zobban ƙarfe a ƙafa, kwando a gefenta. Ta sa gwiwa ta karya kara, ta kwantar, ta yanke kai da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ta jefa a kwando. Aikin mai sanin aiki. Dukoya tana ganin zufa tana bin tsakiyar bayanta, tana jin warin hayaƙi da man maɗaci a jikinta.

Abin da aka koya mata shi ya zo bakinta. Ta ce, "Sannu."

Matar ta zabura ta juyo. Wuƙar ta faɗi. Dukoya ta sha ganin tsoro a fuskar mutane, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba, kuma ita ake tsoro. Matar ta dube ta daga ɗankwali zuwa takalmin roba. Ta durƙusa a hankali, ta laluba wuƙarta ba tare da ta ɗauke ido ba. Ta sa hannu can ƙasan kwando ta zaro zangarniya ɗaya, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu da hannu biyu, ta faɗi wasu kalmomi da Dukoya ba ta taɓa jin irinsu ba. Amma ta gane muryar. Da irinta ita ma take magana in tana zuba wa tukwanen kakanni giya, tana roƙon su karɓa su bar ta lafiya.

Matar ta ɗauki kwando ta ja da baya, taku ɗaya, biyu, karare suka rufe. Gyare suka ci gaba da kuka.

Layi biyu kawai aka yanka. Sauran gonar tana nan. Zangarniyar kuma tana nan a ƙasa, ba irin dawar Dukoya ba ce. Ƙarama ce, a dunƙule, ƙwayarta ja har ta yi baƙi-baƙi. Ta daɗe kafin ta taɓa ta. Da ta ɗauka sai ta ji ta da ɗumi, kamar kowace dawa da ta sha rana.

Ta rataye ta a madafa inda hayaƙi ke bugu. Da ruwan farko ya sauka ta murje ta a ƙwarya, ta haɗa da nata irin, ta ɗauki sandar dogarawa ta hau. Ta tsallake farin dutse. Ba ta tafi da ƙarfe ba. Da yatsa ta riƙa huda ƙasa tana jefa iri tana rufewa da diddige, kwana huɗu tana yi, kullum ta sauko kafin rana ta miƙe. Ciyawa ma da hannu ta cire.

Sawalda ya gani bayan sati uku. Ya sauko ya zauna a kan dutsen niƙan Hawadak, ta ba shi ruwa, ya shanye. A shekara ukun nan ya rame, ya kuma rage murmushi.

"Iya, wani abu ya tsiro a sama."

"Damina ce, komai yana tsirowa."

"A layi?"

"Ni dai ban sa ƙarfe a ƙasarku ba. Ga hannuna." Ta nuna masa yatsanta da farcen ya tsage.

Ya kalli yatsan, ya kalli littafinsa. Ya ce, "Bari in tambaye ki wani abu, kada ki yi mini dariya. Hawan nan nawa ne?"

"Bakwai."

"Haka aka rubuta. In ina hawa ina ƙirgawa, bakwai nake samu. In ina saukowa, takwas. Na sa alli a jikin kowace katanga, ɗaya, biyu, har bakwai. Na juyo ina bin allin, sai na tarar da kaina a kan wani hawa da ba alli a jikinsa. Ga na huɗu a samana, ga na uku a ƙasana, ni kuma ina tsakani." Ya goge fuska. "Akwai toka a wurin, irin ta murhu. Na sa hannu."

"Da zafi?"

Ya goge tafin hannunsa a jikin wando.

"Da wane lokaci kake saukowa?"

"In na gama aiki. Wajen sha biyu."

"Ka riƙa gamawa da wuri, ɗan nan. Uwarka tana da wani ɗan bayan kai?"

Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya buɗe littafin ya yi rubutu, ya ce a takardarsa abin da ya tsiro ciyawa ce, kuma shi bai karanta ilimin ciyawa ba. Da zai tafi ta ɗebo masa 'yan ƙwayoyin jar dawar da suka rage, ya ƙulle a takarda ya ce zai kai wa masana a Marwa su duba. Ta tambaye shi sau biyu daga baya. Da fari ya ce ba su ba da amsa ba, na biyu ya ce ƙullin ya ɓata. Ba ta sake tambaya ba.

A kakar nan aka girbe hawa na bakwai, ba a taɓa na kowa ba. Mutanen da suka rage a Zaldam suka sani, ba wanda ya ce uffan, sai dai ta riƙa tarar da ƙullin gishiri ko busasshen kifi a ƙofarta. Hawadak bai dawo ba. Ya aiko a gaya mata fadama ta karɓe shi, sai dai ruwan can ba ya kashe ƙishi.

Ta ƙara shekara tara tana hawa. A ta ƙarshe da rarrafe ta kai, ta shuka rabi. Da rani ta zame a bakin rumbu ƙugunta ya goce, Golime ya zo da maza huɗu suka sauke ta a kan ƙyaure. Matar wani jikan Gejeke, wata mai yawan zuwa coci da ke zaune a tsakiyar dutse, ta zo ta karɓi ƙwaryar iri. Ta ce ita ba ta yarda da komai ba, ba ta dai son ganin ƙasa mai kyau a zaune.

A Koza aka ba Dukoya ɗaki mai rufin kwano a bayan shagon ɗinki. Ba ta ji daɗin wurin ba. Ta ce ƙasar ba ta da baya, mutum ba shi da abin jingina ido, in ta fito ƙofa jiri take ji. Tuwon ma ta ce na injin niƙa warin ƙarfe yake. Amma ta so jikokinta, ta kuma so ƙarar keken ɗinki, ta ce yana sa ta barci.

Wata rana da la'asar Golime yana datsa yadi a kusa da tabarmarta, sai ya ce, "Inna, matar nan da aka ce kin gani. Da gaske ne?"

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani."

Ta lumshe ido har ya ɗauka ta yi barci. Sannan ta ce, "Yarinya ce. Ba ta kai ƙanwarka ba. Tana da wushirya, da tabon ƙuna a nan." Ta taɓa bayan hannunta na hagu. "Kuma ciki ne da ita, ya tsufa, ya sauko ƙasa. Ga kwando cike, ga hawan nan, ga shi na tsorata ta."

Golime ya ajiye almakashi.

"Shi ne abin da yake damuna," in ji ta. "Ban sani ba ko ta sauka lafiya."

Ta mutu bayan wata biyu, ana tsakiyar noman fari. Ɗan Tekudem ne ya zo ya naɗe ta a fatar awaki, aka hau da ita Zaldam aka binne ta kusa da Ganava. Golime ya kwana uku a gidan, ya sayar da awakin, ya cire jinkar ɗakuna don kada macizai su samu wurin zama, sannan ya koma kan kekensa.